Yadda ake zaɓen bindigar hannu ta farko don tsaron gida a Amurka idan kuɗi ba su da yawa

Wannan bayani na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya ajiye bindigar hannu a gidansa. Wanda ke Kano ko Kaduna kada ya ɗauka nasa ne, domin Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Na daɗe ina raka sababbin masu saye zuwa shagon bindiga da filin koyon harbi, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya tara dala 600, ya zuba su gaba ɗaya a kan bindiga mai kyan gani, ya koma gida ba akwatin ajiya, ba horo, ba harsashin koyo. Irin wannan gida ya fi zama cikin hatsari a kan yadda yake kafin a sayo bindigar. Saboda haka a lissafina bindigar ba ta wuce rabin kuɗin da za ka kashe ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Bindigar kanta, sabuwa ko ta hannu: dala 300 zuwa 450.
- Ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da sauri ta lambobin sirri: dala 100 zuwa 150.
- Ajin koyon harbi na masu farawa: dala 75 zuwa 150.
- Harsashin koyo guda 300: wajen dala 90.
- Harsashin tsaro, kwali biyu masu guda 20: wajen dala 60.
- Abin toshe kunne da tabarau na kariya: wajen dala 30.
- Tocila mai ƙarfi wadda ake kunnawa da babban yatsa ta ƙarshenta.
- Man bindiga, buroshi, da tsummoki.
- Katin shaida mai hoto wanda ke ɗauke da adireshin da kake zaune a yanzu.

Farashi yana hawa yana sauka, kuma kowace jiha da harajinta, amma jimillar takan faɗa tsakanin dala 700 da 900. In abin da ke hannunka bai kai haka ba, rage a kan bindigar, ko ka ƙara wata biyu kana tari. Akwati da horo ba a rage su.

Mataki na 1: Tabbatar doka ta ba ka dama

Dokar tarayya ta hana shago mai lasisi sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba. Ɗan ƙasa yana iya saya, haka ma mai katin zama na dindindin, wato girin kad. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asalin hukuncinsa hani ne, sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta, kuma ba na ba kowa shawarar bin su ba tare da ya zauna da lauyan shige da fice ba. Wanda ba shi da takardun zama an hana shi gaba ɗaya. An kuma hana wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi, da wanda aka samu da laifin dukan iyali ko da ƙarami ne, da wanda kotu ta ba umarnin nisantar matarsa, da mai shan wiwi ko da jiharsa ta halatta ta.

Mai girin kad ya ƙara kula. Laifin da ya shafi bindiga yana cikin laifuffukan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu, ko da ya yi shekara ashirin yana zaune lafiya.

Bayan dokar tarayya sai ta jiha, kuma nan ne bambanci yake da girma. A Texas ba a neman izini kafin saye. A Illinois sai ka mallaki katin shaidar mai bindiga da ake kira FOID. A Maryland akwai lasisin cancantar mallakar bindigar hannu, a New Jersey akwai izinin saye. A Kalifoniya sai ka ci jarrabawar kiyaye hatsari, ka kuma jira kwana 10. Mutanenmu na Bronx su ne suka fi shan wahala, domin a birnin New York ko ajiye bindiga a ɗaka sai da lasisin 'yan sandan birnin, kuma neman sa yana cin watanni da kuɗi masu kauri. Wasu jihohin, irin su New York da New Jersey da Kalifoniya, sun taƙaita gidan harsashi kada ya wuce guda 10. In kana gidan haya, duba yarjejeniyar hayarka ma.

Mataki na 2: Zauna da mutanen gidanka

Kada uwargida ta tsinci labarin bindiga ranar da ta buɗe durowa. Ku yi maganar tun kafin a saya, ku duba su wane ne a gidan. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna cewa fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu. Idan a gidan akwai mai fama da ciwon damuwa, ko matashin da ke cikin wani hali, ko kuma rikici tsakanin miji da mata yana kaiwa ga ɗaga hannu, to wallahi bindiga ba ta da wurin zama a wannan gida a yanzu. Mai neman taimako kan irin wannan damuwa yana iya kiran 988 a kowane lokaci.

Wanda ya ga gidansa bai dace ba, ko takardunsa ba su ba shi dama ba, yana da abin yi. Ya canza ƙananan kusoshin da ke riƙe da ƙarfen makullin ƙofa da masu tsawon inci 3 waɗanda za su shiga cikin katakon bango sosai, ya sa fitila mai kunna kanta in an gifta, da kyamarar bakin ƙofa, da feshin barkono inda doka ta yarda. Mai bindiga ma ya kamata ya yi waɗannan, don su ne ke ba shi lokacin farkawa.

Mataki na 3: Shiga aji kafin ka shiga shago

Yawancin filayen koyon harbi suna da aji na awa uku ko huɗu ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma suna ba da aron bindiga. A nan za a koya maka ƙa'idoji huɗu da kowa ke bi. Ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya halakawa ba. Yatsanka ya zauna a miƙe a gefen bindiga, nesa da kunama, sai ka saita kuma ka yanke shawarar harbi. Sannan ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. Mu Musulmi mun riga mun san tushen ta biyun, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa.

Idan kuɗin aji ya gagara, nemi wani wanda ya ƙware kuma ka san shi da natsuwa ya raka ka filin. Ka lura da shi a minti biyar na farko: in ka ga yana juya bakin bindiga yana hira, nemi wani.

Mataki na 4: Zaɓi girma da nau'in harsashi

Nan ne sababbi suka fi yin kuskure. Mutum zai ga 'yar mitsitsiyar bindiga mai shiga aljihu, ya ce wannan ce za ta yi sauƙi, ita zan saya wa uwargida. Abin ba haka yake ba. Ƙarfin harsashi iri ɗaya ne, amma bindiga mara nauyi ba ta da jikin da zai shanye shurin da bindiga ke yi baya in an harba, sai ya ƙare a tafin hannunka. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya kaɗan ce, don haka ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya kai harsashi wani wuri. Wanda bindiga ta ji wa ciwo a hannu ba ya marmarin komawa filin koyo, wanda kuma ba ya koyo ba zai iya komai ba ranar da ake bukata. An yi ƙananan ne don masu ɓoyewa a jiki suna yawo. Ta gida tana zaune ne a akwati, girmanta ba ya damun kowa. Nemi matsakaiciya ko babba, mai bututu wajen inci 4, wadda duk yatsunka za su zauna a mariƙinta.

Harsashi kuwa, ɗauki mai milimita 9. Shi ne mafi arha cikin waɗanda suka isa tsaro, ana samunsa a kowane shago, shurinsa da dama, kuma hukumar FBI da kanta ta koma gare shi, ta ba kamfanin Glock kwangilar bindigogi masu cin sa a 2016. Yana da sunaye uku da duk abu ɗaya ne: 9mm Luger, 9x19, da 9mm Parabellum. Amma .380 ACP da 9x18 Makarov daban suke, kada ka saka su. Sunan harsashin da bindiga ke ci yana rubuce a jikin bututunta, shi za ka gwada da abin da ke jikin kwali.

Sai batun fistol ko libarba, wato mai gangar harsashi da ke juyawa. Fistol matsakaiciya ko babba takan ɗauki harsashi 15 ko fiye inda doka ta yarda, kunamarta ba ta da tauri, amma sai ka iya jan murfinta na sama baya, ka kuma koyi gyara ta in harsashi ya maƙale. Libarba mai cin harsashin .38 Special tana ɗaukar 5 ko 6, aikinta a fili yake, ka buɗe ka gani da ido ko akwai harsashi, sai dai kunamarta na da nauyi da tsawon ja, kuma harsashinta ya fi tsada. Ni fistol nake zaɓa wa yawancin mutane. Dattijo ko mace da jan murfin ke ba wahala su gwada Smith & Wesson Shield EZ, wadda aka ƙera musamman don sauƙin ja, kafin su yanke hukuncin komawa libarba.

Mataki na 5: Yi haya ka harba kafin ka biya

Filaye da yawa suna ba da hayar bindiga a kan dala 15 zuwa 25, wasu ma in ka biya sau ɗaya sai ka yi ta canzawa. Ka sani wasu ba sa ba wanda ya zo shi kaɗai haya, don haka tafi da aboki. Gwada uku ko huɗu, kowace harsashi 20 a tazarar yadi 5 zuwa 7, wato kwatankwacin faɗin falo.

Ga abin da za ka duba. Idan ka riƙe ta bututu ya miƙe daidai da damtsenka, tsokar gaɓar farko ta yatsanka ta kai kan kunama ba tare da ka murɗa hannu ba? Kana iya danna maɓallin fitar da gidan harsashi? Kana iya jan murfi baya har ya tsaya? Kana ganin alamar saiti sarai? In uwargida ma za ta riƙa amfani da ita, hannunta ne ma'auni, tunda mai babban hannu yana iya harba bindiga mai siririn mariƙi, amma mai ƙaramin hannu ba ya iya sarrafa mai kauri.

Hattara da abu biyu a ranar farko. Kada babban yatsan hannun hagu ya bi ta bayan murfin fistol, domin murfin yana dawowa baya da ƙarfi, zai yanke ka. A libarba kuma kada yatsa ya je kusa da gaban gangar da ke juyawa, wuta tana fita ta wannan tsagar.

Mataki na 6: Taƙaita zaɓi

A ƙasan farashi, wajen dala 250 zuwa 350, akwai Taurus G3, da Ruger Security-9, da Smith & Wesson SD9. Dukansu suna aiki, sai dai kunamar tsohuwar SD9 VE tana da nauyi, wasu ba sa jin daɗinta. Idan ka iya ƙara dala ɗari, CZ P-10 C ta ƙasar Cek da bindigogin Canik na Turkiyya suna ba da abin da ya fi kuɗinsu. Glock 19 sabuwa takan haura dala 500, amma babu wadda ta kai ta sauƙin samun kayan gyara da ƙarin gidan harsashi.

Hanyar da na fi so ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce bindigogin da rundunonin 'yan sanda suka mayar wa dillalai bayan sun sayi sababbi. Za ka ga jikinsu ya goge saboda shiga da fita daga kube, amma cikinsu lafiya lau, don an fi ɗaukar su a kan harba su. Ka kula kawai, da yawa daga cikinsu, kamar Glock 22, harsashin .40 S&W suke ci, wanda ya fi shuri kuma ya fi tsada. Jira har ka samu mai milimita 9.

Abin da zan ce ka guje masa shi ne bindigar da ba a san kamfaninta ba, da wadda wani ya yi wa kwaskwarima a kunama.

Mataki na 7: Saye

A shago mai lasisin tarayya za ka cika fom mai lamba 4473, su aika sunanka ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS. Amsa iri uku ce: a ci gaba, a dakata, ko an hana. Wanda ba ɗan ƙasa ba zai rubuta lambarsa ta shige da fice. Akwai gurbin lambar Social Security wanda ba dole ba ne, amma ina ba mutanenmu shawara su cika shi, domin masu suna Muhammad Abubakar ko Ibrahim Musa suna da yawa, kuma kamanceceniyar suna tana jawo a dakatar da mutum ba laifinsa.

Karanta kowace tambaya a tsanake. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne. Tambayar da ta fi kama mutanenmu ita ce ko kai ne ainihin mai saye. Mun saba da taimakon juna, ɗan'uwa zai ce takarduna ba su fito ba, ga kuɗi ka sayo mini. Kada ka yarda ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Tun daga dokar 2022, hukuncin saya wa wanda aka hana yana iya kaiwa shekara 15 a kurkuku.

Idan ka ga mai arha a intanet, ba gidanka za a kawo ta ba, shago mai lasisi na jiharka za a aika wa, ka je can ka cika fom, ka biya ladan shago wajen dala 25 zuwa 50. Haɗa wannan da kuɗin aike kafin ka ce ta fi arha. Saye daga hannun wani a wurin ajiye motoci, ko a jihar da ta yarda da hakan, ba na sabon shiga ba ne, ba ka san ko ta sata ce ba.

Mataki na 8: Wanke ta, ka gwada ta

Karanta littafin da ya zo da ita. Kafin ka kwance ta, fitar da duk harsashi daga ɗakin. Cire gidan harsashi tukuna, sannan ka ja murfi baya, ka leƙa ramin da harsashi ke zama a gindin bututu da ido, ka taɓa da yatsa. Wanda ya juya wannan tsari, ya ja murfi kafin ya cire gidan harsashi, ya ɗana wani sabon harsashi ne bai sani ba. Glock da wasu irinta sai an ja kunama kafin su kwance, kuma a daidai wannan gaɓa mutane da dama suka harbi hannunsu ko bangon maƙwabci.

Harsashin koyo mai dunƙulallen kai ne, yana da arha, amma yana ratsa abu ya wuce. Na tsaro mai rami ne a kai, yana buɗewa in ya shiga jiki, sai ya rage gudu. Federal HST da Speer Gold Dot da Hornady Critical Defense duk sanannu ne. Harba na koyo 200 ka ga ko tana maƙalewa, sannan ka harba aƙalla kwali ɗaya na na tsaron da za ka ajiye a ciki. Idan tana yawan maƙalewa, fara duba riƙonka, domin sakin wuyan hannu yana hana murfi kammala tafiyarsa. In ƙwararre ya harba ita ma ta maƙale masa, mayar da ita ga kamfanin. Bayan kowane harbi wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro, saboda gubar dalmar da ke cikin harsashi.

Mataki na 9: Ajiya

Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi. Yau suna, gobe walima, 'ya'yan maƙwabta suna shiga kowane ɗaki. Ƙarƙashin matashi da saman kabad da cikin akwatin zannuwa duk wurare ne da yaro ke kaiwa, kuma ɗan shekara uku yana iya jan kunamar fistol da manyan yatsunsa biyu. Bindiga tana hannunka ko tana kulle, babu na uku. Ɗaure akwatin da kusoshi a jikin gado ko bango don kada ɓarawo ya ɗauke shi ɗungurungum. Na fi son mai maɓallan ƙarfe da ba ya bukatar batir. In mai karanta zanen yatsa ka saya, gwada shi da jiƙaƙƙen hannu da hannun da aka shafa wa mai, ka riƙa canza batir a kan lokaci, mabuɗin ko-ta-kwana kuma kada ya kwana a durowar da ke gefensa.

Kafin akwati ya samu, yi amfani da makullin waya da ke zuwa tare da bindigar, wanda ake zurawa ta cikinta ba harsashi. Shirin Project ChildSafe ma yana raba irinsa kyauta ta ofisoshin 'yan sanda da yawa.

Ware jaka guda ta zuwa filin harbi, kada ta taɓa zama jakar tafiya. Hukumar binciken matafiya a filayen jirgin saman Amurka, TSA, ta kama bindigogi fiye da 6,000 a jakunkunan hannu a 2023 kaɗai, kuma harsashi ɗaya da ya ɓuya a aljihun jaka ya isa ya jefa ka cikin bala'i a filin jirgin Abuja ko Legas ko Jidda.

Mataki na 10: Tsara abin da za ku yi da dare

Bangon gidajen Amurka allo ne na farar ƙasa, harsashin milimita 9 yana ratsa da yawa daga cikinsu. Zagaya gidanka da rana ka gane inda gadajen yara suke da inda maƙwabta suke, ka san kusurwoyin da ba za ka taɓa harbi ta wajensu ba. In an ji motsi, aikinku shi ne tara iyali a ɗaki ɗaya, a kulle ƙofa, a kira 911, a bar layin a buɗe, ka ɗaga murya ka ce an kira 'yan sanda kuma kana da makami. Kada ka fita farautar ɓarawo ɗaki-ɗaki. Talabijin da mota ba su kai ran mutum ba, kuma doka tana duba ko akwai barazanar kisa ko mummunan rauni ne. Iyakar wannan dama ta bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ka karanta ta jiharka.

Tocila ta zauna tare da akwatin. Wanda ke taɓa ƙofa ƙarfe biyun dare ya fi yiwuwa ya zama ƙaninka da ya taso daga aikin tuƙi, ko ɗanka da ya dawo daga tahajjud a goman ƙarshe, ko baƙon da ya sauka jiya yana neman banɗaki. Ba a harbin inuwa, ba a harbi ta bayan ƙofa. Ku saba da yin sallama da ƙarfi duk wanda ya shigo da dare. Lokacin da 'yan sanda suka iso, mayar da bindiga akwati ko ka ajiye ta ƙasa, hannuwanka a buɗe inda za su gan su.

Daga nan sai kiyaye hannu. Je filin harbi ko sau ɗaya a wata da kwali ɗaya mai guda 50, wanda bai fi dala 15 zuwa 20 ba. A gida kuma kana iya koyon jan kunama ba harsashi na minti goma, bayan ka kai harsasai wani ɗaki, ka duba bindigar sau biyu, ka fuskanci bangon da ba kowa a bayansa. Harsashin tsaron da ke ciki ka harbe shi a fili bayan shekara guda ka zuba sabo, ka kuma gwada buɗe akwatin cikin duhu har yatsunka su haddace lambobin.